Dariya Ma Makami Ce A Yaƙi Da Masu Kisa Da Sunan Addini

Garin Cake, wanda takardun gwamnati ke rubutawa Tchaké, shi ne cibiyar wata ƙaramar hukuma ta karkara a gundumar Mayayi, maƙwabciyar gundumar Tasawa, cikin jahar Maraɗi. Ƙasa ce ta manoman gero da wake da gyaɗa, da makiyaya Fulani da Buzaye. Tsakaninta da yankin tafkin Cadi, inda ƴan Boko Haram suka auka wa Boso da Difa ran 6 ga Fabrairu 2015, akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita. Haka nan tsakaninta da iyakar Mali, inda aka kashe fiye da mutum 100 a ƙauyuka biyu na jahar Tilaberi ran 2 ga Janairu 2021. Wanda ya dubi taswira kaɗai sai ya ce ba ruwan Cake da wannan magana.

Amma fa nisa bai raba ta da ita ba. Kowace shekara, da an gama girbi an cika rumbuna, samarin wannan yanki sukan kama hanyar ci-rani, waɗansu Najeriya, waɗansu Libiya ko Aljeriya. Sukan komo da ɗan abin da suka samu, da wayar salula a aljihu, cikinta kuwa akwai wa'azi iri-iri, da na kirki da na ɓarna. Soja na iya tsare mota a shinge ya binciki kaya, amma maganar da ta riga ta zauna a zuciyar yaro ba ta da shingen da zai tsare ta. Aikin nan na iyaye ne da malamai da sarakunan gargajiya. Akwai kuma wani mataimaki da aka daɗe ana rena shi, watau mai ba da dariya.

Jarin mai ta'adda

Duk ƙungiyar da ke kisa da sunan addini abu biyu take ci da su. Na farko tsoro, domin mutum ɗari da bindigogi ba za su iya mallakar mutum dubu ɗari ba sai in kowa ya ji tsoron ɗaga kai. Na biyu kwarjini, watau ta sa mutane su ɗauka cewa ita ce mai tsoron Allah, ita ce mai ilimi, ita ce jaruma, sauran Musulmi kuwa duk ɓatattu ne. Kwarjinin nan shi ke jawo saurayi. Yaron da ba shi da gona, ba shi da abin aure, ba a sauraron maganarsa a gari, in aka nuna masa hoton wani da rawani da bindiga ana rawar jiki a gabansa, sai ya ji a ransa ga inda zai zama mutum.

Dariya tana taɓa abubuwan nan biyu gaba ɗaya. Wanda aka taru aka yi wa dariya a dandali, da wuya a koma jin tsoronsa kamar dā. Kuma babu saurayin da ke sha'awar zama abin da ƴanmata ke yi wa dariya a bakin rijiya. Hausawa sun san wannan tun zamanin kakanni. Kura ita ce abin tsoron dare, amma a tatsuniya kullum ita ce wawuya mai kwaɗayi, wadda Gizo ke yi wa wayo. Yaron da ya tashi yana jin tatsuniyar nan ba zai daina taka-tsantsan da kura ba, sai dai ba zai taɓa girmama ta ba.

Suna linzami

Misali mafi kusa shi ne na laƙabi. A birnin Kano an yi wani mai wa'azi, Muhammadu Marwa, mutumin Kamaru, wanda ya kafa zango a unguwar Ƴan Awaki, yana la'antar mai sauraron rediyo da mai ɗaura agogo da mai hawan keke. Da yake bakinsa ba ya rabuwa da tsinuwa, sai Kanawa suka laƙaba masa Maitatsine. A watan Disamba 1980 mabiyansa suka ta da fitinar da kwamitin binciken gwamnatin Najeriya ya ce ta ci rai 4,177, shi ma a cikinta ya mutu. Cikin waɗanda aka kama har da ƴan Nijar, domin yawancin mabiyansa almajirai ne da ƴan ci-rani, irin samarin da ke barin ƙauyuka bayan kaka. Ragowar mutanensa sun sake ta da hankali a Bulunkutu ta Maiduguri a 1982, da Jimeta a 1984, da Gwambe a 1985. Mutumin ya so a tuna da shi a matsayin babban malami. Yau kuwa in an ambace shi, da sunan tsinuwar nan ake ambatonsa.

Haka ya faru ga ƙungiyar Muhammad Yusuf, wanda aka kashe a Maiduguri cikin Yuli 2009, Abubakar Shekau ya gaje shi. Sunan da ta sa wa kanta na Larabci ne, dogo, mai cika baki: Jama'atu Ahlis Sunna Lidda'awati wal Jihad. Jama'ar gari suka taƙaita ta cikin kalma biyu, Boko Haram, kuma shugabanninta sun sha nuna ba su son sunan, amma da shi duniya ta san su. A ƙasashen Larabawa ma, ƙungiyar da ta kama birnin Mosul na Iraƙi a 2014 ta so a kira ta daular Musulunci, mutane suka ƙi, suka ce Da'ish, har aka ruwaito tana barazanar yanke harshen mai faɗin haka. Wanda ke da igwa da tankar yaƙi, amma laƙabi ya hana shi barci, ya nuna wa kowa inda miki yake.

Gadon da ke cikin gida

Ƙauyukan Mayayi da Tasawa, kamar sauran ƙasar Hausa, ba su bukatar aron wannan sana'a daga waje. Akwai ɗan kama, wanda ke tsayawa a kasuwa ko wurin biki, ya gyara murya kamar mai karatu ko mai wa'azi, jama'a su kasa kunne, ashe duk zancen tuwo ne da fura da nama. Musulmi sun yi shekaru aru-aru suna dariyar ɗan kama ba tare da sun ga ya taɓa addini ba, domin kowa ya san wanda ake nufi, watau malamin da cikinsa ya fi ƙarfin iliminsa. Malamin kirki kuwa yakan yi murmushi ya ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa.

Akwai kuma tashe, wanda yara ke farawa bayan azumi ya kwana goma. Su manna gemun auduga, su naɗa tsumma a madadin rawani, su bi gida gida suna kwaikwayon tsoho mai son abin duniya, da mai maganin ƙarya, da tuzurun da ya ƙi aure, da malamin da aka kama yana rawa yana musu. A cikin wata mafi alfarma ake yin wannan, a gaban iyaye da limamai, kuma darasin da ke ciki shi ne cewa gemu da rawani ba su isa shaidar hali ba.

A Damagaram an san wasan kara, inda samari ke shirya gwamnati sukutum, da shugaba da ministoci da sojoji, bindigoginsu da sauran kayan aikinsu duk na karan gero, suna kwaikwayon tafiyar manya da maganarsu, manyan kuwa suna zaune suna kallo. A zamanin samariya, da bikin matasa na ƙasa da aka soma a 1976, wasan kwaikwayo da Hausa ya bunƙasa ƙwarai. Yazi Dogo, malamin makaranta, da abokan wasansa na Damagaram sun sa ƙasa duka dariya ta rediyo da talbijin, suna tona asirin ma'aikaci mai cin hanci da ɗan kasuwa mai algus da malamin tsibbu mai damfara. Abin da mai gari ba zai iya faɗa wa babban ma'aikaci ido da ido ba, sai ɗan wasa ya faɗe shi a gaban dubban mutane, a tashi lafiya.

Sai kuma taubastaka, wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, da Fulani da Arawa, da Gobirawa da Zabarmawa, da Buzaye da Zabarmawa. Taubashi na faɗa wa taubashinsa magana mai ɗaci, ba a fushi, ba a zub da jini. A watan Nuwamba 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin gadon al'adun duniya. Mai tsattsauran ra'ayi yana raba mutane kashi biyu, nasa da na kashewa. Ƙasar da Bafulatani da Babarbare ke zagin juna suna dariya a kan tabarma ɗaya, koyarwarsa ba ta da saurin kama ta.

Abin da waɗansu ƙasashe suka yi

Ƙasashen Musulmi da wannan masifa ta riga ta shiga, su ma sun juya ga ƴan wasansu. A Masar, cikin 1994, lokacin da ake kai wa ƴan sanda da baƙi hari, shahararren mai ba da dariya Adil Imam ya fito a fim mai suna Al-Irhabi, watau ɗan ta'adda. Labarin wani ne da mota ta buge bayan ya aikata ɓarna, mutanen gidan da suka buge shi suka ɗauke shi suna jinya ba su san ko wane ne ba, har ya gane cewa waɗanda aka koya masa ƙi mutane ne masu tausayi. Sai da ƴan sanda suka yi gadin gidajen silima, amma jama'a sun cika su.

A Iraƙi, cikin 2014, talbijin na gwamnati ya nuna wasa mai suna Daulatul Khurafa, watau daular tatsuniya, inda shugaban Da'ish ke ƙyanƙyashewa daga cikin ƙwai. Waɗansu daga cikin ƴan wasan sun ɓoye sunayensu don tsoron ransu, amma ba su fasa ba. A azumin 2015, ɗan wasan Saudiyya Nasir al-Ƙasabi ya fito a tashar MBC a matsayin uban da ya bi ɗansa har sansanin Da'ish don ya komo da shi gida. Aka yi ta aiko masa da barazanar kisa, bai janye ba.

Wanda ya fi kusa da rayuwar Sahel shi ne fim ɗin Timbuktu, na Abdurrahman Sisako ɗan Muritaniya, wanda ya fito a 2014, kan mulkin da ƴan bindiga suka yi wa birnin Tumbutu daga 2012 zuwa Janairu 2013. Fim ne mai ban tausayi, amma ƙarfinsa yana cikin wuraren da yake sa dariya. Ga masu hana shan taba, babbansu na laɓewa bayan tudun rairayi yana zuƙa. Ga masu hana ƙwallo, suna gardama kan wane ɗan ƙwallo ne ya fi wani a Turai. Ga mai sayar da kifi an ce dole ta sa safar hannu, ta miƙa musu hannayen ta ce su yanke. Ga yaran gari an ƙwace musu ƙwallo, suka shiga fili suna guje-guje suna ci suna murna, babu ƙwallon ko ɗaya. Wanda ya ga waɗannan ya gane cewa dodon da ake tsoro mutum ne mai rauni, mai hana abin da shi kansa ba ya iya bari.

Sana'ar tana da haɗari, kada a ɓoye. A Mugadishu ta Somaliya, ran 31 ga Yuli 2012, aka harbe Abdi Jailani Marshale bayan ya fito daga gidan rediyon da yake aiki. Ya shahara da kwaikwayon ƴan Al-Shabab, kuma an riga an yi masa barazana. Da dariya ba ta yi musu ciwo, da ba su ɓata harsashi a kan mai ba da ita ba.

Inda wasa ke tsayawa

To, a nan fa sai a yi hattara, domin Nijar ta ga abin da ke faruwa in wasa ya ƙetare iyaka. Ran 7 ga Janairu 2015 ƴan bindiga suka kashe mutum 12 a harin da suka kai wa jaridar Charlie Hebdo a birnin Paris. Mako guda bayan haka jaridar ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ran 16 ga wata zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram, kashegari a Yamai. Mutum 10 suka rasu, aka ƙona majami'u da dama, 45 a Yamai kaɗai bisa ƙidayar ƴan sanda, aka ƙona cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Damagaram, gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Waɗanda suka mutu da waɗanda aka ƙona wa dukiya ba su zana kome ba. Wata biyu kacal ke nan bayan duniya ta yaba wa Nijar kan taubastaka.

Maraɗi ma ta ɗanɗana irin wannan. A Nuwamba 2000, saboda ƙin bikin nunin tufafi na FIMA da ake yi a Yamai, taron masu zanga-zanga ya auka wa mashaya da majami'a da gidajen mata marasa galihu a cikin birnin. A Yuni 2019 aka sake ƙona wata majami'a bayan an tsare wani limami. Kowane lokaci, masu ƙaramin ƙarfi ne suka biya bashin da ba su ci ba.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na ɗaya, ba'ar da ta taɓa abin da Musulmi duka ke girmamawa riba ce ga mai ta'adda, domin tana tura masa mutanen da dā ba su tare da shi. Na biyu, fushin da ya kai ga ƙona gidan maƙwabci shi ne ainihin abin da mai ta'adda ke nema a koya. Ɗan kama da yaran tashe sun daɗe da sanin ƙa'idar da jaridar Paris ta taka: ana yi wa mutum dariya kan aikinsa da kwaɗayinsa da fuska biyunsa, ba a taɓa Allah da Manzonsa da Littafinsa. Ba a kuma yi wa wanda aka zalunta dariya, ko ƴan gudun hijira, ko matan da aka sace, ko wata ƙabila. Malamai sun sani cewa Suratul Hujurati ta hana mutane yi wa juna izgili, sun kuma sani cewa Manzon Allah yana raha da sahabbansa ba tare da ya faɗi ƙarya ba, har akwai sahabi Nu'aimanu da ya shahara da ban dariya. Tona asirin mai kashe masallata a masallaci, da mai ɗaura wa yarinya bom, gargaɗi ne ga jama'a.

Aikin da ke gaban Cake

Abin yi ba mai tsada ba ne. Dandali yana nan, farin wata yana nan, samari masu iya kwaikwayo ba a rasa su a kowane ƙauye. Labarin ma masu ta'addar sun riga sun tanada da kansu. A ce, misali, a fito da wani mai haramta duk abin da boko ya kawo, yana shelar haramcin ta wayar salula, a kan babur, sa'an nan harsashi ya same shi, ya shiga neman likitan da ya yi lakwal. Ko a fito da shugaban da ke tura ƴaƴan talakawa su mutu, yana yi musu alkawarin aljanna, shi kuwa yana ɓoye a daji yana ƙidayar shanun sata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saurayin da ya yi dariyar wannan a gaban abokansa, ran da wani ya zo masa da irin zancen a tashar mota ko a masauƙin ƴan ci-rani, zai tuna.

Hausa ta bambanta zambo da habaici. Zambo yana nuna mutum da kamanninsa, habaici kuwa ba ya kama suna, mai shi ne ke tsarguwa. A ƙauye, inda kowa ya san kowa, habaici ya fi dacewa, don yana kare ɗan wasa, yana kuma bar wa wanda ya fara karkata ƙofar komowa ba tare da kunya ba. Ya kamata kuma a riƙa nuna wa limamin gari wasa kafin a fitar da shi, domin kada a yi gyaran gangar auzinawa, a kuma samu goyon bayan malamai tun daga farko.

Waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci suna da babban rabo a wannan aiki. Su ne za su iya rubuta wasannin da Hausa a littafin rubutu, su adana na tashe da na ƴan kama kafin tsofaffin da suka san su su ƙare, su kai wa gidajen rediyon karkara. Manomin da ya koyi karatu da furfura a kansa, yana karanta takardar asibiti da ta awon gero da kansa, yana kuma salla biyar a kan lokaci, shi kansa amsa ce ga mai cewa boko haramun ne.

Ma'aikatan hukuma kuwa, daga masu mulkin gundumomi zuwa jami'an matasa da al'adu, abin da ake nema gare su shi ne fili da kariya da haƙuri. Ɗan wasan da aka hana ya taɓa ma'aikaci mai cin hanci, jama'a ba za su yarda da shi ba in ya taɓa ɗan ta'adda, za su ce bakin gwamnati ne. Gaskiyar ɗan kama tana cikin cewa ba ya ƙyale kowa. Kuma kada a ɗora wa dariya kayan da ba nata ba. Ba ta cika rumbu, ba ta haƙa rijiya, ba ta raba gardamar manomi da makiyayi, ba ta tsare iyaka. In aka bar saurayi ba aiki ba adalci, bango ya riga ya tsage, ƙadangare zai samu wurin shiga ko da an kwana ana dariya.

Amma a cikin kayan rigakafi, wannan yana hannun kowa, kuma tun kafin wuta ta iso ake amfani da shi. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Difa da Tilaberi sun ga abin da suka gani. Ya rage ga Cake da Mayayi da Tasawa su riƙe ƴaƴansu da wa'azi na gari, da aikin yi, da wasan da kakanni suka bari. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mai da ƴan gudun hijira gidajensu, ya zaunar da ƙasa lafiya.